Kyamarar da Kullum Take Cewa Yau 1 ga Janairu



Da wuya a sami gida a ikkilisiyarmu da babu tsohuwar kyamara a wani lungu, ko cikin akwatin Baba, ko a ƙasan durowar Mama tare da tsofaffin caja da wayoyin da suka daina aiki. A 'yan shekarun nan ƙannenmu sun fara tono su, wai hotonsu ya fi na waya daɗin kallo. Duk wanda ya sa wa irin wannan kyamara batir ya kunna, abu na farko da za ta yi shi ne ta tambaye shi kwanan wata da lokaci. Yawancinmu mukan danna mu wuce, domin hankalinmu yana kan hoton da za mu ɗauka. A kan wannan 'yar tambaya nake so mu yi hira yau, domin na ga ranar da aka nemi amsarta ruwa a jallo.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kyamarar. Kowace kyamarar dijital tana da agogo a cikinta, ko da ba a ganinsa. Zuciyar agogon wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da ake kira kwatz, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Idan aka ba shi 'yar wutar lantarki, sai ya riƙa karkarwa sau 32,768 a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai dalilin zaɓen wannan lamba. Idan ka raba ta biyu, ka sake raba abin da ya fito biyu, ka yi ta yin haka har sau 15, za ka sauka a kan ɗaya cif. Da haka na'urar take samun daƙiƙa, ta tara daƙiƙoƙi su zama minti, mintoci su zama awa, har a kai ga kwana da wata da shekara. Irin wannan dutse ne a agogon hannun da Baba yake ɗaurawa zuwa sujada, shi ne kuma a agogon bangon majami'a. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu mai kwatz, a ranar Kirsimetin 1969.

Wannan agogo bai san fitowar rana ba, bai san damina ko rani ba. Ƙirga kawai ya iya. Kai za ka faɗa masa inda zai fara, shi kuma ya yi ta ƙarawa a kai, dare da rana, ko kyamara tana kunne ko tana kashe. Da zarar wuta ta yanke masa, ko na ɗan lokaci kaɗan ne, lissafin ya zube, sai ya koma mafarin da aka rubuta masa tun a masana'anta.

Saboda haka masu ƙera kyamara suka tanadar wa agogon wutarsa ta daban, don kada ya tsaya in an cire babban batir. Hanyoyi uku suka bi.

Ta farko ita ce ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, irin na agogon hannu, wanda mai kyamara zai iya canzawa da kansa. Canon EOS 350D da 400D suna amfani da CR2016, EOS 5D Mark II tana amfani da CR1616, da yawa daga cikin ƙananan PowerShot masu cin batir AA kuma CR1220 ne a cikinsu. Lambar ma tana da ma'ana: CR2016 faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 1.6. Irin wannan batir yakan yi shekaru yana aiki, shi ya sa mutane da yawa suka yi ta amfani da kyamara har ta tsufa ba su taɓa sanin yana ciki ba.

Ta biyu ita ce ɗan batir mai caji da aka liƙa da dalma a can ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwance kyamarar. Yawancin kyamarorin Nikon da Sony haka suke. Shi wannan daga babban batir yake shan wuta. A kyamarorin Nikon da dama, cajin kwana biyu ko uku yakan riƙe agogo wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon samfurin. Idan aka ajiye kyamarar babu babban batir fiye da haka, sai ɗan ƙaramin ya ƙare.

Ta uku ita ce kafasita, wani ɗan abu da ke tara wuta kamar yadda tulu ke tara ruwa. Abin da yake riƙewa kaɗan ne, an yi shi ne musamman don ya rufa wa agogo asiri a ɗan lokacin da ake canza batir ko ake yi masa caji.

Duka ukun suna tsufa. Batir mai kama da kwabo yana ƙarewa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Mai caji kuma, in ya daɗe babu wuta a cikinsa, yakan rasa ƙarfin riƙewa, ko an sake ba shi. Zafi yana gaggauta wannan duka, mu kuwa mun san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a watan Maris da Afrilu. Ga kuma wani abu mai ɗaure kai. Shawarar da ake bayarwa ita ce a cire batir AA kafin a ajiye kyamara, domin yakan yi yoyo ya fitar da wani farin gari mai cin ƙarfe. Shawara ce mai kyau, amma a kyamarar da agogonta ke dogara da babban batir, cire shi yana nufin agogon ya fara cin guzurinsa, har ya ƙare. Ka ceci jikin kyamarar, lissafin kwanakinta ya tafi.

Wayar hannu ba ta da wannan damuwa, domin kullum tana tambayar layin sadarwa ko intanet ƙarfe nawa. Tsohuwar kyamara ba ta da wanda za ta tambaya sai mai riƙe da ita. In bai amsa ba, sai ta rubuta abin da ta sani. Wasu sukan koma 1 ga Janairun 2000, wasu su koma farkon shekarar da aka ƙera su, wasu kuma har 1980, domin tsarin ajiyar fayil da katin kyamara ke amfani da shi daga 1 ga Janairun 1980 yake fara ƙirga. Wannan ranar ce za ta shiga cikin hoton. Tun 1995 kamfanonin Japan suka fito da wani tsari mai suna Exif, wanda ke ɓoye bayani a cikin kowane hoto: irin kyamarar, yadda aka saita ta, da rana da lokacin da aka ɗauka. Da wannan bayani kwamfuta da waya suke jera hotuna. In agogo ya ɓata, jerin ma ya ɓata.

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121, wato lokacin da kasuwarsu ta kai ƙololuwa. Daga baya waya ta ƙwace aikin, har adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10 a shekara. A ikkilisiyarmu ma haka tarihin yake. Akwai wasu shekaru, bayan an daina wanke fim kuma kafin kowa ya sami waya mai kyamara mai kyau, da duk wani aure, jana'iza, bikin godiya da taron matasa da irin waɗannan ƙananan kyamarori aka ɗauke su. Yarintar da yawa daga cikinmu tana cikin waɗannan katunan.

Na fahimci nauyin wannan ne ta dalilin wata 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙa. Za ta yi aure a wata ikkilisiya a wani gari, can kuma suka nemi katin baftismarta kafin su fara sanarwa. Katin ya ɓace tun lokacin da iyayenta suka yi ƙaura. Aka je ofis don a rubuta mata sabo, sakatare ya ɗauko littafin rajista, sai aka tarar gara ta cinye shafukan waɗannan shekarun, bayan wata damina da rufin ofishin ya yi yoyo. Baba Faston da ya yi mata baftisma ya riga ya yi barci cikin Ubangiji. Babu wani dattijo da ya yi shakkar cewa an yi mata, da yawansu ma suna bakin rafin a ranar. Amma kati yana da gurbin kwanan wata, sakatarenmu kuwa mutum ne da ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Ita kanta ta ce tana aji biyu ko uku na ƙaramar sakandare, abin da za ta iya tunawa ke nan. Su shida aka yi wa baftisma tare. Ta nemi biyun da take da labarinsu, ɗaya ya ce katinsa yana ƙauye cikin kayan mahaifiyarsa, ɗayar kuma lambarta ba ta shiga. Kwanaki suna tafiya, dangin ango suna jira.

Da yake ni ke riƙe da kayan hoton zumunta, sai ta zo wurina. Tsohuwar kyamarar zumunta tana nan, da katunanta a cikin wani gwangwanin alewa. Muka sa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, a kati na uku muka same ta. Ga ta tsaye cikin ruwa har ƙugu, da farar riga, Baba Fasto ya ɗaga hannu, mata a bakin rafi suna waƙa. Ta rufe baki da hannu, ta daɗe ba ta ce komai ba. Na buɗe bayanin hoton. Asabar, 1 ga Janairun 2000, ƙarfe 12:52 na dare. A hoton rana tana tsaka, a shekarar 2000 kuwa ita ba ta wuce shekara uku da haihuwa ba. Na duba sauran hotunan katin. Aure biyu, jana'iza ɗaya, bikin godiya, Kirsimeti, duka a wannan daren guda aka yi su, in za a bi ta bakin kyamara. Ɗan batirin agogonta ya mutu tun da daɗewa, saboda haka duk lokacin da aka canza mata batir sai ta koma tsakar daren nan ta fara ƙirga. Abin da 12:52 yake nufi kawai shi ne an ɗauki hoton minti 52 bayan an sa sabon batir. Ba na ganin laifin ɗan'uwan da ke ɗaukar hoto a lokacin. Duk wanda batir ya taɓa mutu masa ana cikin shigowar amarya ya san babu mai tsayawa saita shekara.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, ke nan hoton ba shi da amfani?"

Na ce mata ta dakata tukuna, domin akwai abu ɗaya da kyamara ba ta mantawa. Kowane hoto yana da lamba a sunansa, lambobin kuma bi da bi suke tafiya. Wannan ƙirgar ba ta dogara da agogo ba. Don haka ko da ranakun ƙarya ne, jerin gaskiya ne: abin da ya zo gaba ya zo gaba, abin da ya biyo baya ya biyo baya. Sai muka fara duba maƙwabtan hoton.

Kafin baftismar akwai wani aure. A bayan motar amarya akwai katanga da aka lulluɓe da fastocin 'yan takara, sababbi, ruwa bai taɓa su ba. Shekarar zaɓe ce ke nan. Bayan baftismar akwai bikin godiya, sannan Kirsimeti. A wani hoton Kirsimetin allon sanarwa ya fito a gefe, da muka ƙara girmansa muka karanta abin da aka rubuta da alli: Lahadi, 25 ga Disamba. Kirsimeti ya faɗo ranar Lahadi a 2005, da 2011, da 2016, da 2022. A 2005 ba a sayi kyamarar ba tukuna, a 2016 kuwa an riga an koma waya. Saura 2011, wadda kuma ita ce shekarar da aka yi babban zaɓe a watan Afrilu. Shaidu biyu suka haɗu. Muka koma kan hoton rafin. Ruwa ya cika har ya taɓa ciyawar gaɓa, dawar da ke gonar tsallake ta fi mutum tsawo, ta fitar da kai amma ba ta bushe ba. Ɗan manomi ba ya bukatar kalanda ya san ƙarshen damina ne. Daga shekaru masu yawa mun dawo cikin makonni kaɗan.

A nan kwamfuta ta tsaya, iyakar abin da za ta iya ke nan. Sai muka tura hoton cikin waya, muka jira Zumuntar Mata su tashi daga taronsu. Wayar ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu, kowa tana neman kanta a ciki, ana dariyar yadda aka rame ko aka yi ƙiba. Da ta kai hannun wata Mama da ta haura saba'in, ta gyara tabarau, ba ta ma kalli masu baftismar ba. Ta ɗora yatsa a kan wata mace a can gefe da jariri a baya.

Ta ce, "Wannan surukata ce. Wannan goyon kuwa jikana ne, wanda ke sakandare yanzu. Ranar nan ce ta fara fita bayan haihuwa, ni na ce ta zo ta sha iska. Washegari Lahadi muka miƙa shi a majami'a. 'Yata, je ki gidanmu, katinsa yana nan cikin jakar takarduna."

Katin yana nan kuwa, a naɗe cikin leda, da kwanan wata da sa hannun Baba Fasto. Lahadin da ke jiki ta faɗa daidai cikin makonnin da muka ƙiyasta. Aka cire kwana ɗaya, aka sami Asabar ɗin baftisma. Sakatare ya saurari Mama da kunnensa, ya duba hoton, ya duba katin, ya rubuta. Bayan bikin da 'yan makonni, ɗan'uwan nan ya je ƙauye ya turo hoton nasa katin. Ranar ɗaya ce.

Tun daga lokacin nake lura da yadda iyayenmu suke riƙe kwanaki. Ba su cika cewa shekara kaza ba. Sukan ce shekarar da rana ta yi husufi, ko shekarar da wayar hannu ta shigo, ko shekarar da aka fito da takardar dubu ɗaya. Da muna jin wannan kamar rashin lissafi ne, alhali kowanne yana da lambarsa. Husufin ranar da aka gani a Nijeriya da Nijar ya faru ne ranar Laraba 29 ga Maris 2006. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001. Takardar naira 1,000 ta fito a watan Oktoban 2005, naira 20 ta leda a 2007, naira 5 da 10 da 50 na leda a 2009, naira 100 ta cikar Nijeriya shekara ɗari a ƙarshen 2014, sababbin 200 da 500 da 1,000 kuma a Disamban 2022. Hoton biki da aka yi liƙi a cikinsa yana ɗauke da shaidarsa a goshin amarya. Sai dai a kula, kuɗi yana nuna cewa ba a ɗauki hoton kafin fitowarsa ba, amma ba ya faɗin bayan shekara nawa aka ɗauka. Kalandar ikkilisiya ma tana taimakawa. Ista ba ta da tsayayyar rana: a 2008 ta zo da wuri, 23 ga Maris, a 2011 kuma ta kai 24 ga Afrilu. Sai kalandar bango da ta fito a bayan mutane, da yadin taro mai ɗauke da shekara, da ginin majami'a kafin a yi masa fenti ko bayan an yi, da yaron da ke da giɓin haƙori.

To, ga wanda yake da irin wannan kyamara a hannu, ga abin da na koya.

Ka fara sanin wace iri ce taka. Rubuta sunanta da lambarta a intanet, littafin bayaninta zai fito. In mai batirin kwabo ce, yawanci akwai ɗan aljihu a cikin ɗakin babban batir ko kusa da shi da ake zarowa. Kai tsohon wurin mai gyaran agogo ya ba ka mai lamba iri ɗaya, ka kuma lura da gefen da ke da alamar tarawa kafin ka cire. Kada ka yar da tsohon inda yara ke wasa. Yaro in ya haɗiye irin wannan batir yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, abin gaggawa ne na asibiti nan take.

In mai batirin ciki ce, sa mata babban batir mai cikakken caji ka bar ta a kashe kwana biyu ko uku, sannan ka saita agogon. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ka cire babban batir na minti ɗaya ta sake mantawa, na cikin ya gaji. Mai gyara zai iya canza shi, amma sai an kwance kyamarar, wani lokaci kuɗin aikin ya fi kuɗinta. Babu laifi ka bar ta haka, ka ɗauki saita rana a matsayin wani ɓangare na canza batir. Ba ya cin minti ɗaya. Ka lura da jerin lambobin, domin wasu kyamarori suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaban rana, sai 04/05 ta zama 5 ga Afrilu alhali kai 4 ga Mayu kake nufi. Ka duba kuma ko safe ta sa ko yamma.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce wannan: a duk taron da za ka ɗauka, hoton farko ya zama na fuskar wayarka tana nuna rana da lokaci, ko na takardar tsarin sujadar ranar. In ka canza batir, ka sake. Ko agogon kyamara ya yi ƙarya, shaidar tana cikin jerin. Da wannan hoton za a iya gyara sauran daga baya. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ExifTool, wadda wani mutumin Kanada, Phil Harvey, ya fitar tun 2003. In ka san tazarar da ke tsakanin lokacin da kyamara ta rubuta da lokacin gaskiya, za ta matsar da hotuna ɗari a lokaci guda. Amma tazarar tana aiki ne kawai ga hotunan da aka ɗauka kafin agogon ya sake komawa farko. Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin asali a wani wuri daban.

Ka kuma san cewa WhatsApp da Facebook suna goge bayanin Exif daga hoton da aka tura ta hanyar da muka saba. Ranar da kake gani a sunan hoton da ya shigo ta WhatsApp ranar da ya iso wayarka ce. In kana so bayanin ya tsira, ka tura hoton a matsayin fayil. In ka kwashe hotuna zuwa kwamfuta, ka sa wa jakarsu suna da shekara da wata da rana da sunan taron. Waɗanda suka fi muhimmanci kuwa a wanke su a takarda, a rubuta a baya da fensir: wane ne, ina ne, yaushe ne.

Wannan na ƙarshen ba sabon abu ba ne. Buɗe kundin hotunan auren iyayenka ka juya bayan hoto, sau da yawa za ka ga rubutun hannu ko hatimin mai hoto. A zamanin fim akwai kyamarorin da ke buga rana da 'yan lambobi masu ruwan lemo a kusurwar hoto, amma da yawa daga cikinsu kalandarsu a ƙarshen 2019 ta tsaya, domin masu ƙera su ba su zaci za a kai yau ana amfani da su ba. Rubutun da Mama ta yi da hannunta a bayan hoto yana nan ana karantawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jakar takardun nan da matar da ta san abin da ke cikinta. Muna da hotuna dubbai a katuna da wayoyi, amma waɗanda za su iya ɗora yatsa su ce wannan wance ce, ranar kaza ce, ba su da yawa, kuma kowace shekara muna raka wasunsu. Da mun makara da shekara biyu ko uku, wa ya san ko za mu sami mai ba mu amsa? Na kuma lura da yadda fuskar Mama ta washe da aka tambaye ta. Bayan ta gama da namu hoton ba ta saki wayar ba, sai da ta faɗi sunan kowa a bakin rafin, har da waɗanda suka rasu, har da wadda ta ɗinka fararen rigunan. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je an buɗe tulun. Abin da ba a tambaya yakan dushe a hankali, ko a ƙwaƙwalwar mai kaifin tunani.

Saboda haka shugabannin zumunta sun amince mu ware Asabar mai zuwa, bayan gwajin waƙa, don wannan aiki. Duk mai tsohuwar kyamara ko kati ya kawo, ko tana aiki ko ba ta aiki. Za a sami kwamfuta da abin karanta kati. Za mu kwashe hotunan, mu jera su, mu rubuta abin da muka sani a kan kowanne, mu ba ofis kwafi ɗaya, mu ajiye wani a wani gida daban. Wanda yake da Baba ko Mama ko Kaka da za su iya fitowa, ya roƙe su su zo tare da shi, za mu tanadi kujeru a inuwa da ruwan sha. Wanda nasa ba za su iya fitowa ba, ya ɗauki hotunan a waya ya kai musu gida, ya tafi da littafi da fensir.

Ubangiji ya kai mu lafiya.